Ƙarfe Biyar a Agogon Wa?

Ranar Laraba 2 ga watan Afrilu na 2025, da ƙarfe biyar saura minti biyar na yamma, na zauna gaban kwamfuta a Yamai riƙe da shafuka goma sha biyu na aikina. Wata huɗu na yi ina jiran wannan rana. Muna da wani zaman karatu ta intanet da muke yi kowace Laraba tun watan Nuwamba, wanda ya haɗa ɗalibai daga Yamai da Damagaram da Maraɗi, da wata ƴar'uwa da ke karatu a Alƙahira, da wani ɗan'uwa a Montreyal ta ƙasar Kanada, sai wani malami a Paris da ya sadaukar da lokacinsa yana sauraron bincikenmu ba tare da an biya shi ko dala ba. Kowane mako mutum ɗaya ke gabatar da wani ɓangare na aikinsa a tattauna a kai, ran nan kuwa layi ya zo kaina. Ko da na shiga, sai na tarar malamin yana sallamar jama'a. Cikin mu da ke Nijar mutum biyu kaɗai suka halarta, su ma don wayoyinsu sun yi musu ƙara ne. An buɗe zaman da ƙarfe huɗu, an jira ni minti ashirin, sannan aka ba wani filina.

Agogona bai yi mini ƙarya ba, malamin kuma bai saɓa alkawari ba. Abin da ya faru shi ne, a daren Asabar wayewar Lahadi 30 ga Maris, lokacin da hankalin kowa a nan yake kan hidimar ƙaramar Sallah, Faransa ta tura agogonta gaba da awa guda kamar yadda take yi kowace shekara. Malamin ne ya shigar da zaman cikin kalandar kwamfutarsa tun farko, ya sa shi ƙarfe biyar, kwamfutar kuwa ta ɗauka biyar ta Paris yake nufi. Daga Nuwamba har ƙarshen Maris biyar ta Paris da biyar ta Yamai abu ɗaya ne, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin tambaya. Daga wannan Lahadi biyar ɗinsu ta koma huɗunmu. Layi bai sake zuwa kaina ba sai watan Yuni, bayan na riga na miƙa babin ga mai duba aikina tare da kurakuran da zaman zai iya tsamo mini. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saƙon da ya biyo baya, mai cike da ladabi, wanda ke cewa an fahimci wahalar lantarki da ta rezo a wajenmu. Ran nan akwai wuta, akwai rezo, na kuma iso kafin lokaci. An yi mini uzuri a kan laifin da ban yi ba, uzurin kuwa ya hau kan wata tsohuwar shaida da aka daɗe ana yi mana, wai ba mu san darajar lokaci ba.

Ra'ayin da nake son karewa a nan shi ne, duk zaman da ake maimaitawa tsakanin ƙasashe yana da turke, wato agogo guda da aka ɗaure shi a jikinsa, sauran agogunan kuma su riƙa kewaya shi. Kafa wannan turke shawara ce da ya kamata a yanke a fili, gaban kowa, kuma matuƙar babu wani dalili mai ƙarfi, a kafa shi a kan agogon da ba ya motsi, irin namu. Ƙasar da ta ga damar sauya agogonta, mutanenta ne suka fi cancanta su ji sauyin a jikinsu, domin Bahaushe ya ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Kafin hujja, ya dace mu fahimci yadda abin yake tafiya. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, ko digiri ɗaya cikin minti huɗu. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, suka amince a riƙa fara ƙidaya daga layin da ya ratsa unguwar Girinwic ta birnin Landan. Faransa ta ƙaurace wa ƙuri'ar, ba ta bi ba sai a 1911, kuma ko a lokacin dokarta ba ta ambaci Girinwic ba, sai ta kira sabon agogon da sunan agogon Paris da aka ja baya da minti 9 da daƙiƙa 21. Daga wannan yarjejeniya aka samu abin da gidajen rediyo ke kira agogon GMT, wanda masu harkar na'urori a yau suka fi sani da UTC. Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru da Benin suna gaban GMT da awa guda, rani da damina. Gana da Mali da Burkina Faso da Senegal suna kan GMT daidai. Sudan tana gaba da awa biyu tun watan Nuwamba na 2017, Saudiyya kuma da awa uku. Duk waɗannan sau ɗaya mutum zai hardace su ya huta, domin yadda suke a watan Janairu haka suke a watan Yuli.

Rikicin yana tasowa ne daga ƙasashen da tsawon yininsu ke sauyawa sosai cikin shekara. A Paris yini yakan kai awa 16 a watan Yuni, ya sauko zuwa awa 8 da ƴan mintoci a Disamba, alhali a Yamai bai fita daga tsakanin awa 11 da minti 20 zuwa kusan awa 13 ba. Don cin moriyar dogon yinin ne Jamus ta fara tura agogon ƙasarta gaba ranar 30 ga Afrilu na 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin tsimin gawayin kwal. Faransa ta bar al'adar bayan yaƙi na biyu, sannan ta koma gare ta a 1976 sakamakon tashin farashin man fetur na 1973. A yau ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila suna tura agogo ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su mayar da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka da mafi yawan Kanada, tun 2007, suna turawa ranar Lahadi ta biyu ta Maris, su mayar ranar Lahadi ta farko ta Nuwamba. Masar ta dawo da al'adar a 2023, nata sauyin kuwa daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu ne zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba. Maroko, wadda ta daidaita agogonta da namu a 2018, ta riƙa ja da shi baya da awa guda a duk watan azumi, saboda haka ranar sauyinta tana bin lissafin wata ne.

Akwai wani abin lura a nan da ya kamata ya tsayar da mu. Yamai da Paris kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, dukansu suna gabas da Girinwic da digiri biyu da ƴan kai. Ma'ana, rana tana tsayawa tsaka a biranen biyu kusan a minti guda, a kowace rana ta shekara. Awa gudan da ke raba su daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba doka ce ta samar da ita, dokar da aka yi a can saboda buƙatar can. Wani abin kuma, a watannin da Paris ta rabu da mu, Landan ce ke zuwa ta daidaita da mu, a watannin sanyi kuwa Landan ta koma baya, Paris ta dawo. Ɗalibin da ya hardace cewa agogonmu ɗaya ne da na Faransa ya hardace gaskiyar wata biyar ce kacal.

Mu duba abin da turken Paris ya jawo wa ɗan ƙaramin zamanmu a 2025. Ɗan'uwanmu na Montreyal ya saba shiga da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ranar 9 ga Maris Kanada ta tura agogonta, zaman ya koma masa sha biyu na rana. Bayan mako uku Faransa ta tura nata, zaman ya dawo masa sha ɗaya. Ƴar'uwarmu ta Alƙahira tana shiga da shida na yamma, ranar 30 ga Maris abin ya koma mata biyar, ranar 25 ga Afrilu Masar ta tura nata agogon, ya sake komawa shida. Mu da muke Nijar, waɗanda ba mu taɓa agogonmu ba, zaman ya tashi daga biyar ya faɗo huɗu, daidai lokacin da ake kiran sallar la'asar, wasu kuma ba su fito daga aji ba. Mutum ɗaya ne cikinmu bai ga komai ya motsa ba, shi ne wanda aka kafa turken a ƙofarsa.

A nan ne nake ganin ɗalibin kimiyyar harshe yana da abin cewa wanda injiniya ba lallai ya lura da shi ba. Tun a shekarar farko ake koya mana cewa akwai kalmomin da ma'anarsu ke rataye a wuyan mai magana. Karl Bühler, a littafinsa na 1934, ya nuna cewa kalmomin nuni suna da cibiya guda, wato ni da nan da yanzu, kuma ba a gane su sai an san wa ke magana, a ina, da wane lokaci. Takardar da tela ya liƙa a ƙofar shagonsa cewa a dawo gobe ba ta da amfani ga wanda bai san ranar da aka liƙa ta ba. Émile Benveniste kuma ya bambanta lokacin kalanda, wanda al'umma ta amince a kansa ta yadda ba ya dogara da mai magana, da lokacin harshe, wanda cibiyarsa ita ce lokacin da ake furta maganar. Mun saba ɗaukar "ƙarfe biyar" a matsayin lokacin kalanda, abin da ke tsaye da ƙafafunsa, saɓanin "ɗazu" ko "an jima". Hakan gaskiya ne muddin mai magana da mai sauraro suna ƙarƙashin doka ɗaya. Da zarar magana ta tsallaka iyaka, "ƙarfe biyar" ta shiga sahun "nan" da "gobe", tana buƙatar a san inda mai faɗinta yake tsaye, har ma da watan da ya faɗe ta.

Abin mamaki shi ne, harshenmu yana cikin harsunan da suka fi kula da wannan cibiya. Aikatau na Hausa kansa yana nuna inda mai magana yake, ta hanyar abin da Parsons ya kira rukuni na shida: shiga da shigo, fita da fito, kai da kawo, saya da sayo. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai tsaya a waje ya ce wa ƙanensa "shigo" ba. Haka nan "nan" mai faɗuwar karin sauti tana nufin wurin da nake, "nan" mai karin sama kuma wurin da kake, duk da cewa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna bambancin. Mutanen da suka gaji irin wannan harshe su ne za su rubuta wa wanda ke wata nahiya "mu haɗu ƙarfe biyar" su yi shiru, ko su karɓi irin wannan saƙo ba tare da sun tambayi biyar ta wa ba. Ni ma na karɓa ban tambaya ba, saboda haka ina da nawa kason na laifin.

To me ya sa nake cewa a kafa turken a kan agogon da ba ya motsi? Hujjar farko ta lissafi ce. Da an ɗaure zamanmu a ƙarfe biyar agogon Nijar, wato huɗu agogon GMT, kowa zai ga sauyi ne kawai ranar da ƙasarsa ta sauya. Na Montreyal zai tashi daga sha ɗaya zuwa sha biyu sau ɗaya ya zauna, malamin Paris daga biyar zuwa shida, ta Alƙahira daga shida zuwa bakwai, na Akra ko Dakar kuwa yana kan huɗunsa, na Hartum yana kan shidansa shekara ta zagayo. Babu wanda zai ɗauki nauyin dokar ƙasar da ba tasa ba. Hujja ta biyu ta fi wannan muhimmanci, ita ce ta inda labari yake. Mutumin Paris ba zai iya rashin sanin ranar tura agogo ba, domin talabijin za ta faɗa, jaridu za su rubuta, maƙwabta za su yi ƙorafin barcin da aka rage musu. Mutumin Tawa babu abin da zai gaya masa, rana ta fito masa yadda ta saba, ladan ya yi kira a lokacinsa, kasuwa ta ci. Idan aka ɗora nauyin tunawa a kan wanda labari ba ya isa gare shi, an shirya masa faɗuwa tun kafin a fara.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye daga Landan tun 1957, wasu gidajen rediyon ƙetare suka biyo baya, kuma dukanmu mun tashi muna jin mai gabatarwa yana faɗin lokaci da "agogon Nijeriya da Nijar", ya ƙara da "agogon GMT". Manomin da ke rataye rediyonsa a reshen gawo bai taɓa buƙatar sanin ranar da Turawa ke tura agogo ba, domin shirin safe yana zuwa masa a lokacin da ya saba. Ma'aikacin da ke zaune a Turai shi ne ke gyara lokacin fitarsa daga gida sau biyu a shekara. Masu rediyo sun gane cewa mai sauraro ne dalilin shirin, suka kafa turken a wajensa. Zaman karatun da aka shirya domin ɗaliban Nijar, ko aikin haɗin gwiwa a kan harshen Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajik, ya fi cancantar wannan ladabi.

Na san abin da za a fara ce mini: ai na'ura tana yin wannan lissafi da kanta, wanda ya karɓi gayyata a kalandar wayarsa zai ga lokacin ya gyaru. Haka ne, kuma shi ya ceci mutum biyun da suka halarta ran nan. Amma mu faɗa wa juna gaskiya game da yadda gayyata ke yawo a tsakaninmu. Mutum ɗaya ke samun ta a imel, ya kwafi adireshin shiga ya jefa a zauren WhatsApp, ya rubuta "Laraba 17h" a ƙasa, wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura wa abokinsa, wani ya ji a saƙon murya. A kowane mataki bayanin agogon yana zubewa a hanya, lambar kaɗai ke isa. Bugu da ƙari, da yawa daga kwamfutocinmu na hannu ne da suka zo daga Turai da saitinsu na can. Wanda ya buɗe jerin agoguna a Windows zai ga layi mai ɗauke da Burasel da Kofinhagin da Madirid da Paris, da wani layin na yammacin Afirka ta Tsakiya, dukansu an rubuta musu awa guda gaba da UTC. Na farkon yana tsalle a watan Maris, na biyun ba ya yi, kuma na biyun ne namu. Wanda ya zaɓi na farko, ya ga agogonsa ya yi gaba, ya sa hannu ya mayar da shi baya, ya gyara fuskar agogon ne kawai, daga nan duk gayyatar da ta shigo kalandarsa za ta zo a karkace da awa guda.

Ita kanta na'urar ba ta san gaibu ba. Yawancin wayoyi da manhajoji suna dogara da wata taskar bayanai ta agogunan duniya wadda Arthur David Olson ya fara tattarawa a shekarun 1980, wadda ake sabunta ta duk lokacin da wata gwamnati ta sauya doka. A cikinta sunan Yamai yana haɗe da na Legas, tun da agogonsu ɗaya ne. Idan gwamnati ta yi sauyi cikin gaggawa, na'urori sukan rikice. A watan Maris na 2023 gwamnatin Labanan ta sanar, ƴan kwanaki kafin ranar tura agogo, cewa ta ɗage sauyin har ƙarshen azumi. Wasu coci-coci da makarantu da kafofin watsa labarai suka ƙi bi, ƙasa ɗaya ta kwana tana da agogo biyu har tsawon kwanaki, kafin gwamnati ta janye. Kada kuma mu zauna jiran Turawa su daina. Majalisar Dokokin Turai ta kaɗa ƙuri'ar soke sauyin a watan Maris na 2019, amma gwamnatocin ƙasashen ba su cim ma matsaya ba, aka ci gaba da tura agogo. Rasha da Turkiyya da Barazil sun daina, Masar kuwa ta daina ta sake komawa. Abin da ke zuwa yana tafiya bisa ra'ayin majalisu bai dace a ɗaure alkawarin mako-mako a jikinsa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ban isa in yi watsi da ita ba. Malamin da ke Paris yana da azuzuwa da aka tsara bisa agogon Paris, yana da ƴaƴan da zai ɗauko daga makaranta, kuma alheri yake yi mana. Idan zaman ya koma masa ƙarfe shida, mai yiwuwa ya ci karo da wata hidima, a ƙarshe mu rasa shi gaba ɗaya. Wanda ake yi wa kyauta ba ya gindaya sharaɗi, in ji mai sukar. Na yarda akwai lokutan da dole turken ya zauna a Paris ko Landan, alal misali darasin da ke da ɗalibai talatin a aji a can da mutum uku da ke bi daga nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kafa turken ba tare da kowa ya furta ba, don kawai wanda ya danna maɓallin gayyata a can yake zaune. Idan Paris za a bi, a faɗa ranar farko, a rubuta ranakun da lokaci zai sauya mana, a tambaye mu ko ƙarfe huɗu za ta yi mana. Da muka tayar da maganar a farkon wannan shekarar karatu, malamin ya ce shi bai taɓa sanin ya zaɓi wani abu ba, domin kwamfutar ba ta tambaye shi ba. Ya amince a ɗaure zaman a agogon Nijar, bisa sharaɗin cewa daga Afrilu zuwa Yuni kada a wuce awa guda. Kunyar tambaya ce ta sa muka yi shekara guda muna bin abin da shi kansa bai nema ba.

Sai dai kafin mu ɗora wa Turai laifi duka, mu waiwayi gida. Lokacin da nake murnar cewa biyar zuwa shida ta faɗa tsakanin la'asar da magariba, wata ɗaliba daga Damagaram ta tunatar da ni cewa a ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa a garinsu kafin ƙarfe shida, alhali a Yamai sai wajen shida da minti ashirin. Damagaram tana gabas da Yamai da kusan digiri bakwai, wato kusan rabin awa a tafiyar rana. Maraɗi tana riga Yamai da kimanin minti ashirin, Tawa da minti goma sha wani abu, Difa kuwa da fiye da minti arba'in. Duk mai sauraron jadawalin shan ruwa a watan azumi ya san wannan. Ashe abin da Paris ta yi wa Yamai shi Yamai ke shirin yi wa Damagaram, saboda na auna yammacin kowa da yammacin da nake gani ta tagar ɗakina. Darasin shi ne, "bayan la'asar" da "kafin magariba" suna da daɗin faɗa tsakanin ƴan unguwa ɗaya, amma a gayyatar da za ta ratsa garuruwa su ma kalmomin nuni ne. Haka "daren Juma'a", wanda dattawa da yawa ke nufin daren Alhamis wayewar Juma'a da shi, matasa kuma su ɗauka daren da ke bin yinin Juma'a ne. Yanzu a watannin sanyi muna rufe zaman da shida saura kwata.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu a matsayinmu na masu nazarin harshe, wato samar da kalmomin da ba za su ɓatar da mai karatu ba. Na sha ganin ana fassara sunan da Turawa ke ba wannan sauyi da "lokacin bazara" ko "lokacin zafi". Wannan fassara tana ruɗarwa, domin watanni bakwai ɗin da agogon Turai ke gaba sun haɗiye bazararmu da daminarmu har da farkon kaka, kuma "lokaci" a Hausa ba ya nufin abin da allurar agogo ke nunawa kaɗai. Shawarata ita ce mu ce "agogon gaba" da "agogon asali", mu kira ranakun biyu "ranar tura agogo" da "ranar mayar da agogo", domin sunayen suna bayyana abin da ake aikatawa. Game da rabon duniya gida-gida kuwa, ba mu buƙatar ƙirƙirar komai, tun da masu rediyo sun riga sun ba mu "agogon Nijar", "agogon Gana", "agogon Makka". Kyawun wannan ginin shi ne harafin mallaka da ke maƙale a ƙarshensa, wanda ba ya barin mai magana ya tsaya sai ya ambaci mai agogon.

Ga yadda gayyatar zamanmu take a yanzu, ko wani zai amfana da ita: "Zaman karatu kowace Laraba, ƙarfe 5 na yamma agogon Nijar, wato ƙarfe 4 agogon GMT. Agogon Nijar ba ya sauyawa. A 2026, Montreyal: ƙarfe 11 na safe har 4 ga Maris, ƙarfe 12 daga 11 ga Maris. Paris: ƙarfe 5 har 25 ga Maris, ƙarfe 6 daga 1 ga Afrilu. Alƙahira: ƙarfe 6 har 22 ga Afrilu, ƙarfe 7 daga 29 ga Afrilu, idan doka ba ta sauya ba." Wanda zai shigar da zaman a kalanda ya zaɓi agogon Yamai ko na Legas da hannunsa, ko da shi a Turai yake, domin manhajojin suna ba da wannan dama. Wanda zai tura saƙon a WhatsApp ya tura shi dungurungum, kada ya yanke. Mun kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa tunatar da zaure a farkon Maris da tsakiyar Oktoba, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan'uwa ɗalibai, yawancin abin da zai buɗe mana ƙofa a shekaru masu zuwa ta irin waɗannan zama zai biyo: ganawar neman tallafin karatu, kare kundi gaban alƙalan da ɗayansu ke wata ƙasa, taron ƙara wa juna sani da ba mu da kuɗin jirgin zuwa. A ganawar neman tallafi babu wanda zai jira minti ashirin, babu kuma layin da zai sake zagayowa a watan Yuni. Saboda haka duk wanda ya samu saƙo mai ɗauke da lokaci daga wata ƙasa, kada ya amsa da "to, Allah ya kai mu" kawai. Ya amsa da cewa, "Na fahimci ƙarfe kaza agogonku, wato ƙarfe kaza agogon Nijar, ranar kaza ga wata. Haka ne?" Idan zaman na mako-mako ne, ya ƙara da tambayar a agogon wa aka ɗaure shi, sannan ya nemi a ɗaure shi a namu. Yau da dare kuma kowa ya buɗe saitin kwamfutarsa ya duba ko a Nijar take zaune ko a Paris.